Igiyar Tsakiya

Mu bakwai ne, in Barau bai makara ba.
Bayan asuba, kafin masu tumatir su ta da injin ban ruwa,
mukan rataye riguna a reshen darbejiya
mu gangara kanal ɗin Kadawa,
daga gadar katako zuwa bakin kwalbati, mu dawo.
Ni likita ne ya turo ni, saboda ƙugu.
Sauran ban san wanda ya turo su ba.

Ni na sayo igiyar da kuɗin fanshona,
na ɗaura mata jarkokin man gyaɗa guda tara,
na ce mai tafiya ya riƙe damarsa,
mai dawowa ma ya riƙe tasa,
yadda ake yi a titin Zariya.
Kowa ya ce to.
To ba ta da nauyi a kan tudu.

Ubale yakan tsaya a tsakiyar hanya,
ruwa iya wuya, ya share fuska,
ya tambayi na bayansa
nawa kwando ya kwana jiya a Kwanar Gafan.
Na bayansa ni ne.
Da goshina nake amsawa, tsakanin kafaɗunsa.

Barau ba ya son ganin ƙafar kowa a gabansa.
Zai wuce ka facal-facal, kamar akuya ta faɗa rijiya,
ya shura maka ruwa a hanci,
kafin jarka ta gaba ya gaji,
ya koma yana ja kamar amalanken yashi.
Ka taɓa masa diddige, wato ba ni hanya,
ya zabura yana salati, wai kada.
Wane kada, Barau, a cikin siminti?

Tanimu kuwa rigingine yake yi,
yana ƙirga balbelu,
ruwa ya kai shi inda ya ga dama.
In kuka yi karo sai ya ce sannu,
da irin muryar da ake yafe wa mutum laifi.

Shekara talatin ina malamin gona.
Na koya wa ƙauye goma jan layi da igiya,
shuka bayan shuka, taki ɗaya tsakani,
ga shi na kasa jera mutum shida a ruwa.

Ran Laraba na shirya magana.
Tun a gida na tauna ta, har da karin magana biyu.
Na riga kowa fitowa, na zauna a kan siminti ina ɗiga,
ina jiran su gama in wanke su tas.

Sai ga ɗan Nakande mai kiwo,
wanda kullum yake zaune a kan gada da sandarsa.
Ya ce, Baba, hannunka na hagu ciwo yake?
Na ce me ka gani?
Ya ce, daga sama ana gani sosai.
Kana farawa a dama,
kafin jarka ta huɗu ka bi ta ƙarƙashin igiya,
sai su Baba Ubale su tsaya har ka wuce.
Baba Tanimu ma don kai yake kwanciya,
ya ce gara ka buge shi a kafaɗa da a ido.

Awakinsa suka ja shi gaba.

Na dubi igiyata tana lilo, jarkoki tara,
na dubi hannun da ya faɗo daga babur shekarar ambaliya.
Suka fito ɗaya bayan ɗaya suna tsiyaya.
Ubale ya ce, Malam Ɗayyabu, an ce kana da magana.
Na ce, eh.
Nawa kwando ya kwana jiya?